Jifa 32, huɗu kacal suka shiga: daren da hannun Kentucky ya mutu

1/ Yau a ɗan ajiye maganar Firimiya tukuna, zaren na ƙwallon kwando ne, ta jami'o'in Amurka. Tarihin wata ƙungiya da NBA ta kwashi 'yan wasanta biyar a zagayen farko na zaɓe, amma ko wasan kusa da na ƙarshe ba ta kai ba. Abin da ya ci ta: jifan nesa. Ku gyara zama 🧵

2/ Ƙungiyar ita ce Kentucky ta kakar 2009/10. Wasa 38 ta buga, ta ci 35, aka doke ta sau 3. John Wall, Eric Bledsoe, DeMarcus Cousins, Patrick Patterson. A ganina tana sahun gaba cikin ƙungiyoyin jami'a mafi hazaƙa da suka tashi babu kofi. Kuma abin da ya kayar da ita darasi ne har gobe.

3/ Ga wanda bai saba da wasan ba: mutum biyar ke shiga fili. Biyu daga cikinsu su ne 'yan baya, waɗanda a fili ake kira gad. Yawanci su ne gajerun ƙungiya (gajeru a ma'aunin wasan fa, ba a ma'aunin unguwarku ba 😅). Su ke ɗauko ƙwallo, su rarraba ta, su kuma jefa daga nesa.

4/ Akwai wani layi mai lanƙwasa kamar baka da ya kewaye kwando. Ka jefa daga cikinsa, maki 2. Ka jefa daga bayansa, maki 3. Lissafin ba wuya: a jifa 6, wanda ya saka 2 daga nesa yana da maki 6, daidai da wanda ya saka 3 a kusa. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi a gaba.

5/ Amma amfanin jifan nesa ya wuce makin da yake kawowa. In ana tsoron hannunka, dole mai tsaronka ya fito ya tsaya a kanka. Da zarar ya fito, gindin kwando ya buɗe, dogonku ya samu sarari. In ba a tsoronka kuwa, sai a ƙyale ka can waje, a koma a yi wa dogon taron dangi.

6/ Layin nan bai daɗe a jami'o'i ba. NBA ta karɓe shi a 1979. Lokacin da namu Hakeem Olajuwon ya kai jami'ar Houston wasan ƙarshe a 1983 da 1984, babu layin a gasar ƙasa. Ko daga tsakiyar fili ka jefa, maki 2 ne. To don me za a jefa daga nesa? Kowa sai ya cusa kai ciki.

7/ Wasu shiyyoyi sun ɗan gwada shi tun kafin nan. A watan Nuwamban 1980, Ronnie Carr na Western Carolina ya saka jifa mai maki 3 a gwajin da shiyyarsu ta fara. Sai a kakar 1986/87 hukumar NCAA ta shimfiɗa layin ga kowa da kowa, a nisan ƙafa 19 da inci 9, wato mita 6.02.

8/ Wanda ya fi tsayawa kan dokar shi ne Ed Steitz, sakataren kwamitin dokoki. Hujjarsa: an cunkushe gindin kwando, wasa ya koma kokawar ƙarti, gajere ya rasa gurbi. Kociyoyi da dama sun ƙi abin, har da Bob Knight na Indiana, wanda bai ɓoye ƙiyayyarsa ga layin ba.

9/ Abin dariya, a wannan shekarar ta farko Knight ɗin ne ya ɗauki kofi. Indiana ta doke Syracuse 74 da 73 a 1987, ɗan bayansa Steve Alford ya saka jifan nesa 7 a wasan. Yana ƙin dokar da baki, yana cin moriyarta a fili. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

10/ Wanda ya fi kowa saurin gano sirrin shi ne Rick Pitino. A 1987 ya kai ƙaramar Providence wasan kusa da na ƙarshe da ruwan jifan nesa, Billy Donovan na jan ragama. A 1989 Kentucky ta ɗauko shi tana cikin takunkumin NCAA, ba ta da dogaye na kirki. Me ya yi? Ya ce wa yaran su yi ta jifa.

11/ Daga nan aka taso har 1996, Kentucky ta doke Syracuse 76 da 67 a wasan ƙarshe, Tony Delk ya saka 7 daga bayan layi. Abin da nake so ku gane: jifan nesa ne ya tayar da Kentucky daga kwance a wancan zamani. Magoya bayanta sun san daɗinsa. Shi ya sa abin da ya faru a 2010 ya yi musu ciwo sosai.

12/ Mu tsallako 2009. Kentucky na da kofin ƙasa 7 a lokacin, amma rabonta da shi tun 1998. A 2009 ko gurbin gasar NCAA ba ta samu ba. Aka sallami Billy Gillispie, aka ɗauko John Calipari daga Memphis da kwantiragin shekara 8, sama da dala miliyan 31.

13/ Calipari ya zo da salon da ya aro daga wani koci ɗan California, Vance Walberg. Tsarin: a baje 'yan wasa a gefe, mai ƙwallo ya kutsa da gudu zuwa kwando. In an tare shi, ya miƙa wa wanda ke tsaye a kusurwa ya jefa. Ko dai a gindin kwando, ko a bayan layi. Tsakiya ba ruwansu.

14/ Kun ga ke nan tsarin ƙafa biyu gare shi: mai kutsawa da mai jifa. Calipari ya ƙware wajen nemo na farko. Derrick Rose a Memphis, Tyreke Evans bayansa, sai John Wall. Duk yara ne masu gudu kamar barewa, masu ƙarfi, masu tsalle. Babu ko ɗaya cikinsu da ya yi suna da hannun nesa a lokacin.

15/ Kuma ya taɓa ɗanɗanar kuɗarsa a hannun jifa. Wasan ƙarshe na 2008, Memphis na gaban Kansas da maki 9, saura minti 2 da 'yan daƙiƙu. Suka ɓarar da jifan fawul 4 cikin 5 na ƙarshe. Mario Chalmers ya saka mai maki 3, saura daƙiƙa 2, aka tafi ƙarin lokaci. Kansas 75, Memphis 68.

16/ Abu biyu kuma suka faru kafin kakar 2009/10 da mutane ke mantawa. Na farko: a 2008 NCAA ta matsar da layin baya da ƙafa ɗaya, ya koma ƙafa 20 da inci 9, mita 6.32. Ƙafa ɗaya kamar ba komai ba ce. Ga gwanin jifa ba komai ba ce ɗin. Ga mai hannu tsaka-tsaki kuwa, ita ce ke tona asiri.

17/ Na biyu, wanda ya fi zafi: Jodie Meeks. A kakar 2008/09 wannan yaron ya saka jifan nesa 117 wa Kentucky. A Janairun 2009 ya zuba wa Tennessee maki 54 a gidansu, 10 daga bayan layi. Saura masa shekara ɗaya a jami'a. Ya zaɓi tafiya NBA, Milwaukee ta ɗauke shi a lamba 41.

18/ Ni dai ba na ganin laifinsa, kowa gabansa yake dubawa. Amma ku hasaso: Wall na kutsawa, Cousins na tsaye a ciki, Meeks na jira a kusurwa. Wa za ka bari? Har yau magoya bayan Kentucky na cizon yatsa kan wannan. Mutum ɗaya ne ya tafi, amma shi ne mabuɗin ɗakin.

19/ Sai kuma dokar NBA da ta fara aiki a 2006: ba a ɗaukar yaro sai ya kai shekara 19 kuma ya yi shekara guda da gama sakandare. Sakamakonta, manyan taurari kan shigo jami'a su yi kaka ɗaya su wuce. Tsalle da gudu ana zuwa da su daga gida. Hannun jifa kuwa ginin shekaru ne.

20/ Yaron da ya fi kowa gudu tun yana ɗan shekara 12, me zai sa ya tsaya koyon jifa? Duk lokacin da ya ga dama yana isa kwando. Sai ranar da ya haɗu da waɗanda suka toshe hanyar, sannan ake gane abin da babu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

21/ Kaka ta fara, Kentucky ta hau tashe. Wasa 19 a jere babu faɗuwa. A Disamban 2009 ta zama jami'a ta farko da ta cika nasara 2,000 a tarihi. A Janairun 2010 ta hau lamba ɗaya a ƙasar. Shugaba Obama da kansa ya buga musu waya, yana gode musu kan tallafin da suka tara wa Haiti bayan girgizar ƙasa.

22/ A daren ranar da aka yi wayar South Carolina ta doke su 68 da 62 😅 Wannan dai za a iya cewa tuntuɓe ne. Faɗuwa ta biyu ce ta nuna ainihin ciwon: ƙarshen Fabrairu a gidan Tennessee, 74 da 65. Kentucky ta jefa 22 daga nesa, 2 suka shiga. Biyu fa.

23/ Duk kocin da ya kalli wannan wasan ya samu takardar magani: ka koma baya, ka cika gindin kwando da jiki, ka hana su gudu, ka bar su su jefa. In sun saka, ka sara musu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba.

24/ Don adalci, alƙaluman kakar ba su yi muni can ba. Ƙungiyar gaba ɗaya ta saka kusan kashi 33 cikin 100 daga nesa. Wall wajen kashi 32, Bledsoe wajen 38. Patterson, wanda bai saka ko ɗaya ba a shekarunsa biyu na farko, ya koyi jifan ya fara sakawa. Matsakaita ne, ba a ce ba su iya sam ba.

25/ Matsalar matsakaicin hannu ita ce rashin tabbas. Yau wuta, gobe toka. Kuma gasar NCAA, wadda suke kira haukan Maris, sili ɗaya ƙwale ce. Dole ka ci wasa 6 a jere. Ba gida da waje, ba gyara a mako mai zuwa. Dare ɗaya hannu ya yi sanyi, ka tattara kayanka.

26/ Wasan farko: Kentucky 100, East Tennessee State 71. Bledsoe shi kaɗai ya saka 8 daga nesa, maki 29. Na biyu: suka yi wa Wake Forest 90 da 60. Kowa ya ce ai an warke. Ni a ganina wannan wutar ta farko ta rufe ciwon ne kawai, har ta sa yaran suka ƙara yarda da hannun da ba shi da tabbas.

27/ A wannan makon ne kuma Kansas, wadda aka fi sa wa rai, ta faɗi a hannun Northern Iowa 69 da 67, bayan Ali Farokhmanesh ya tsaya shi kaɗai a bayan layi ya saki wata da ta kashe wasan. Hanya ta buɗe. Masu sharhi suka fara auna wa Kentucky kofi.

28/ Aka koma birnin Syracuse, filin Carrier Dome, wani ƙaton fili mai rufi da aka gina har don ƙwallon Amurka. Kentucky ta doke Cornell 62 da 45 da ƙarfin tsaro da tsawo. Amma ku duba jifan nesa a wasan: 2 cikin 16. Nasara ta lulluɓe shi, ba wanda ya tsaya tambaya.

29/ Asabar, 27 ga Maris 2010. Zagayen 'yan takwas. Abokiyar karawa: West Virginia ta koci Bob Huggins. Rabonta da wasan kusa da na ƙarshe tun 1959, zamanin Jerry West. Ga shi kuma ɗan bayansu mai rarraba ƙwallo, Darryl Bryant, ya karye a ƙafa ana tsakiyar gasa.

30/ Wanda ya maye gurbinsa wani yaro ne da ya sha fama da ciwon kafaɗa, har aka yi masa tiyata. Duk tsawon kakar bai saka jifan nesa ko ɗaya ba. Sunansa Joe Mazzulla. Ku riƙe sunan nan da kyau, don zai dawo a ƙarshen zaren ta hanyar da za ta ba ku mamaki.

31/ Huggins ya yi suna da tsaron mutum da mutum, amma a daren ya jingina da tsaron yanki na 1-3-1, wanda ƙungiyar ta gada daga tsohon kocinta John Beilein. Dogo ɗaya a gaba mai dogayen hannuwa, Devin Ebanks. Uku a jere a tsakiya. Ɗaya a baya yana zirga-zirga a gindin kwando.

32/ Wa aka sa a bayan? Mazzulla, mai tsawon mita 1.88, a gaban Cousins mai mita 2.11. Kamar wasa. Amma aikinsa ba ya tare Cousins shi kaɗai ba ne. Ya shige masa ƙafa, ya dame shi, ya jinkirta shi har taimako ya iso. Taimakon kuma yana isowa, tunda babu wanda ke tsoron 'yan waje.

33/ 'Yan ƙwallon ƙafa, ku tuna abin da Mourinho ya yi wa Barcelona da Inter a Camp Nou, wata guda bayan wannan wasan, a Afrilun 2010. Ya toshe tsakiya, ya bar musu gefe, ya ce ku yi ta bugowa. To haka Huggins ya yi: ya zaɓa wa Kentucky irin jifan da za ta yi.

34/ Kentucky ta karɓi tayin. Jifa na farko, ƙarfe. Na biyu, ƙarfe. Na biyar, na goma. Da yawansu babu mai tsaro a kusa, fili fetal. Sai da suka ɓarar da 20 a jere kafin ɗaya ya shiga, ta hannun DeAndre Liggins, lokacin saura 'yan mintuna a tashi. Ashirin, jama'a.

35/ Ɗaya ɓangaren kuwa abin kamar almara. Har aka tafi hutun rabin lokaci West Virginia ba ta saka ko ƙwallo ɗaya mai maki 2 ba. Ko ɗaya. Dogayen Kentucky sun rufe ciki ruf. Amma ta saka 8 daga nesa, ta haɗa da jifan fawul 4, ta tafi hutu tana gaba 28 da 26.

36/ Har shi Mazzulla, mai ciwon kafaɗa, ya saka jifan nesansa na farko a kakar a wannan daren. Bayan hutu Kentucky ta fito waje don tare masu jifa, sai ciki ya buɗe, ya riƙa kutsawa yana ajiyewa. Ya tashi da maki 17. Kun ga abin da na faɗa a lamba 5 yana aiki a zahiri.

37/ Aka tashi West Virginia 73, Kentucky 66. Wall ya ci 19, Cousins 15, Da'Sean Butler na West Virginia 18. Jifan nesa: West Virginia 10 cikin 23, Kentucky 4 cikin 32. Jifan fawul na Kentucky: 16 cikin 29. Aka zaɓi Mazzulla gwarzon shiyyar gabas.

38/ Mu yi lissafi. Daga bayan layi West Virginia ta samu maki 30, Kentucky 12. Tazarar 18. In aka haɗa sauran makin gaba ɗaya, Kentucky ce gaba, 54 da 43. Wato tazarar jifan nesa kaɗai ta isa ta kayar da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

39/ 4 cikin 32 kashi 12.5 ne cikin 100. Da sun jefa gwargwadon yadda suka saba, da 10 ko 11 sun shiga. Ko 7 ma, wato ƙarin 3 kacal, maki 9 ne, an kuwa doke su da 7. Na san wasa ba ya tafiya kamar lissafin allo, amma ya nuna muku ƙanƙantar abin da ya raba su da nasara.

40/ A nan ne masu cewa rashin sa'a ce kawai ke tsayawa. Hujjarsu: ƙungiyar da ke saka kashi 33 ba ta saba yin 12 ba, dare ne ya zo da haka, a sake buga wasan sau goma Kentucky za ta ci mafi yawa. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Ko gwanaye hannunsu na yin sanyi.

41/ Amma ga inda na rabu da su. 2 cikin 22 a Tennessee. 2 cikin 16 da Cornell. 4 cikin 32 da West Virginia. Duk cikin wata guda. A wasa biyun Syracuse kaɗai, 6 cikin 48. Abin da ya maimaita kansa sau uku a wata ɗaya ya fi ƙarfin a kira shi tsautsayi.

42/ Sannan tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa ƙungiya mai Cousins da Patterson a ciki ta jefa 32 daga waje? Wasu na ƙarshen dole ce ta sa, ana bin bashi lokaci na ƙurewa. Amma tun farko abokan karawa ne suka tura su can, su kuma yara ne, uku cikin biyar na farko 'yan shekarar farko.

43/ Jifa kuma abu ne na zuciya. In na farko da na biyar suka ƙi, hannu kan ɗaure. Mai jifan asali, irin Meeks, ya ɓarar da 6 zai saki na 7 kamar ba abin da ya faru, saboda ya yi shi sau dubbai. Wanda jifa ba sana'arsa ba ce, tunani ke shiga tsakaninsa da kwando. Jifan fawul 13 da suka zubar shaida ne.

44/ Wata uku bayan nan, zaɓen NBA na Yunin 2010: Wall lamba 1, Cousins 5, Patterson 14, Bledsoe 18, Daniel Orton 29. Biyar daga jami'a ɗaya a zagayen farko, ba a taɓa yi ba kafin nan. West Virginia kuwa Duke ta cire ta a wasan gaba, 78 da 57, Duke ɗin ta ɗauki kofi.

45/ Ciwon ya bi Wall har NBA. A kakarsa ta biyu a Washington ya jefa 42 daga nesa, 3 suka shiga. Daga baya ya gyara gwargwado, aka zaɓe shi wasan taurari sau 5. Babban ɗan wasa ne, ba na rage masa komai. Amma har ya gama, masu tsaro ja da baya suke yi su ba shi jifan.

46/ Shin Calipari ya ɗauki darasi? Dubi wanda ya kawo a shekarar gaba: Brandon Knight da Doron Lamb, 'yan baya masu hannu. Lamb na saka kusan rabin abin da ya jefa daga nesa. A gasar 2011 suka sake haɗuwa da West Virginia, Knight ya ci 30, Kentucky ta rama 71 da 63, ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

47/ A 2012 kofi ya zo. Kowa na tuna Anthony Davis, kuma ya cancanta. Amma a wasan ƙarshe da Kansas, 67 da 59, Davis ƙwallo ɗaya kacal ya saka daga fili. Wanda ya fi kowa maki shi ne Lamb, 22. Dogo ya tsare gida, mai hannu ya ciyo maki. Abin da 2010 ta rasa ke nan.

48/ Kada kuma wani ya ɗauka jifa shi ne komai. A 2024 Kentucky ce ta fi kowace jami'a iya jifan nesa a ƙasar, Reed Sheppard na saka fiye da rabi. Sai ga ƙaramar Oakland ta cire su a wasan farko, 80 da 76, wani Jack Gohlke ya saka 10 daga bayan layi. Hannu ya samu, tsaro ya tafi.

49/ Wannan ne wasan Calipari na ƙarshe a Kentucky, ya koma Arkansas. Ku duba ikon Allah: kakarsa ta farko ta ƙare da jifan nesan da yaransa suka kasa sakawa, ta ƙarshe ta ƙare da wanda suka kasa tarewa. Wanda ya gaje shi, Mark Pope, yana cikin yaran Pitino da suka ɗauki kofin 1996.

50/ Mazzulla fa? Ya zama koci. A 2024 ya ɗauki kofin NBA da Boston Celtics, na 18 a tarihinsu, da salon da ya dogara kan ruwan jifan nesa. A kakar da ta biyo baya suka kafa tarihin yawan jifan nesa da aka saka a kaka guda. Yaron da ya shafe kusan kaka guda bai saka ko ɗaya ba 😂

51/ Shi ma kuma ya ɗanɗana. A Mayun 2025, wasan farko da New York Knicks, Boston ta jefa 60 daga nesa ta ɓarar da 45, aka doke ta a gida. Don haka daren sanyin hannu na kan kowa. Bambancin shi ne ko kana da wata hanyar in ya zo, da kuma ko kai ka zaɓi jifan ko zaɓa maka aka yi.

52/ Layin ma bai tsaya ba. A 2019 NCAA ta sake matsar da shi zuwa mita 6.75, daidai da na wasannin ƙasa da ƙasa. Yau da wuya babbar jami'a ta saka 'yan baya biyu marasa hannu a lokaci guda. Abin da a 2010 ake ɗauka ƙaramin rauni, yanzu shi ake fara dubawa.

53/ Mu ma mun ga fuska biyun abin. Gasar Olamfik ta Landan, 2012: Amurka 156, Najeriya 73, suka zuba mana 29 daga nesa, Carmelo Anthony shi kaɗai 10. Yuli 2021 a Las Vegas, wasan sada zumunta: D'Tigers 90, Amurka 87. Me ya canza? Mun saka 20 daga bayan layi, Gabe Vincent na gaba da maki 21.

54/ Shi ya sa nake roƙon masu horar da yara a filayenmu, Kano, Kaduna, Zariya, Jos, Yamai: tsawo da tsalle kyauta ce daga Allah, ba ku ke bayarwa ba. Abin da ke hannunku shi ne jifa. Kwando ɗaya, ƙwallo ɗaya, maimaici kullum, a fara daga kusa a riƙa ja baya. Har dogon ma a koya masa.

55/ Yaron da ya fi kowa gudu a unguwa shi ya fi buƙatar a tsare shi a kan wannan, don shi ne ba zai ga amfaninsa ba sai ranar da aka toshe masa hanya. John Wall ya fi kowa gudu a Amurka a 2010, yana da Cousins a gabansa, kuma an tsayar da su da tsari ɗaya mai sauƙi.

56/ Nan zan dasa aya. Tambayata gare ku: da Meeks ya tsaya shekara ɗaya, Kentucky za ta ɗauki kofin 2010, ko Duke za ta tare ta? Ni na ce za ta ɗauka. Masu ganin akasin haka, ga fili nan a ƙasa, a zo da hujja ba da zagi ba 😄 Wanda ya ƙaru ya tura wa kocin unguwarsu.